Bishof ya ce in yi shiru, mijina ya ce in bi: ina zan sa kaina?

Anti, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni 'yar Kudancin Kaduna ce, ma'aikaciyar jinya, ina zaune a jihar Yuta ta Amurka. Shekara shida ke nan da na auri wani Ba'amurke ɗan cocin nan da aka fi sani da Mormon, a ciki aka haife shi, iyaye da kakanni. Na bar cocin iyayena na yi baftisma a nasu, aka ɗaura mana auren har abada a haikali. Ba zan ɓoye ba, mutane ne masu kirki. Da na haifi ɗana sati biyu suka yi suna kawo mana abinci.

Matsalar ta faro ne a ajin Lahadi. Na tambaya me ya sa aka hana baƙar fata firistanci da shiga haikali har 1978. Malamin ya ce Allah ne kaɗai ya sani. Na ce ai shafin cocin da kansa ya yi bayanin da ya wuce haka. Ajin ya yi tsit. Bayan kwana uku bishof ya kira ni ofis, ya ce irin tambayoyin nan suna raunana bangaskiyar wasu, in daina. A zaman kuma ya ce Ubangiji ya kira ni in zama mataimakiyar shugabar mata, don haka in bar aikin Lahadi. Anti, Lahadi biyu nake yi a wata, kuma da kuɗin nan nake biyan makarantar ƙannena biyu da maganin Mama.

Mijina ya ce ba a ce wa kira a'a, kuma wanda ya bi shugabanni ba ya ɓata. Takardata ta shiga haikali za ta ƙare wata mai zuwa, ga bikin ƙanwarsa a haikali nan da wata biyu. A ganawar sabunta takardar za a tambaye ni ko ina goyon bayan shugabanni. In ce e in haɗiye abin da ke raina, ko in faɗa in tsaya a waje ranar biki?

Ƙanwarki a Yuta

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Bari in fara faɗa miki inda na tsaya. Ni Musulma ce, saboda haka ba za ki ji na ce ki zauna a cocin ko ki fita ba, wannan tsakaninki ne da Allah. Sai dai na yi 'yan shekaru a wannan jihar taku lokacin da maigidana yake karatu, maƙwabtana hagu da dama duk 'yan cocinku ne, kuma son bin ƙwaƙƙwafi ya sa na karanta tarihinsu fiye da yadda ya kamaci baƙuwa.

Wata Lahadi maƙwabciyata ta gayyace ni, ɗanta zai yi jawabin ban kwana kafin ya tafi wa'azin shekara biyu. Na zauna a bencin baya. Kafin samari masu fararen riguna su fara zagayawa da gutsattsarin burodi da 'yan kofunan ruwa, wani mutum ya miƙe ya karanta sunan wata mata da aka ba koyar da yara, ya ce duk mai goyon baya ya ɗaga hannun dama. Hannaye suka tashi gaba ɗaya kamar an ja su da zare, har da na wata yarinya da ba ta fi shekara uku ba, da biskit ɗinta a ciki. Sai ya ce, "Akwai mai adawa?" Ko ɗago kai bai yi daga takardarsa ba ya wuce. A mota na tambayi maƙwabciyar ko ta taɓa ganin wanda ya ɗaga hannu a tambaya ta biyun. Ta yi dariya ta ce tun da ta yi wayo ba ta taɓa gani ba. Na ce to me ya sa ake tambaya? Ta ce ai dole a tambaya, nassi ya ce a yi komai da yardar jama'a.

Wasiƙarki ta dawo min da ranar nan. Cocinku yana da hanyar cewa a'a, a rubuce take, ciyawa ce kawai ta rufe ta don an daɗe ba a bi ba. Ke kuma kin taka ta ba tare da kin sani ba, shi ya sa ajin ya yi tsit.

Ki fara da fahimtar mijinki, don bai ƙirƙiro maganarsa ba. Mu ma da "bin na gaba bin Allah" aka rene mu, amma namu na gaban uba ne ko malami ko mai unguwa. Nasa na gaban annabi ne rayayye. Shugaban cocin, wanda a yanzu shi ne Dallin Oaks tun bayan rasuwar Russell Nelson a Satumban 2025 yana da shekara 101, a wurinsu annabi ne, mai gani, mai karɓar wahayi, da mataimaka biyu da manzanni goma sha biyu a ƙarƙashinsa. Wancan "ba ya ɓata" da mijinki ya ce miki yana da tushe. A 1890, lokacin da Wilford Woodruff ya dakatar da auren mata fiye da ɗaya jama'arsa suka shiga ruɗani, ya ce musu Ubangiji ba zai taɓa barin shi ko wani shugaban cocin ya ɓatar da su ba, kuma har yau maganar tana buge a cikin littafinsu na Koyarwa da Alkawura. A 1980 Ezra Taft Benson, wanda daga baya ya zama shugaba, ya tsaya a jami'ar Brigham Young ya jero ƙa'idoji goma sha huɗu na bin annabi, ciki har da cewa annabin da ke raye ya fi wanda ya rasu muhimmanci a gare su. Da irin wannan nonon aka shayar da mijinki. Ƙari a kan haka, a imaninsa auren da aka ɗaura muku a haikali ya ratsa kabari, in ƙafarki ta zame gidansa na lahira ne ya tsage. Idan ya ce "ki bi kawai", tsoron rasa ki ne ke magana, ko da ya fito da muryar mai ba da umarni.

Amma kwaryar tana da wani ɓarin, kuma shi ma nasu ne. Joseph Smith, wanda ya kafa cocin a 1830, ya ce a 1843 annabi annabi ne kawai sa'ad da yake aikin annabci. Brigham Young da ya gaje shi ya ce a wani wa'azi na 1862 abin da ya fi tsoro shi ne jama'a su dogara ga shugabanninsu har su daina tambayar Allah da kansu ko Shi ke jagorantar shugabannin. A 1945 wata mujallar cocin ta buga wani saƙo da ke cewa idan shugabanni suka yi magana an gama tunani. Wani limamin wani coci na daban a birnin Salt Lake ya rubuta wa shugaban lokacin, George Albert Smith, yana tambayar ko da gaske haka suke koyarwa. Smith ya amsa cewa wannan magana ba matsayin cocin ba ce, kuma ko nuna cewa mabiya ba za su yi tunanin kansu ba ɓata sunan cocin ne. Abin takaicin shi ne saƙon farko gida-gida aka kai shi, gyaran kuwa wasiƙa ce ga mutum ɗaya. Kin ga dalilin da ya sa na farkon ya fi zama a kunnuwa. A Oktoban 2013 kuma Dieter Uchtdorf, yana mataimakin shugaba, ya faɗa a babban taron cocin, duniya na ji, cewa akwai lokutan da mabiya ko shugabanni suka yi kuskure.

Yanzu tambayar da ta jawo miki wannan duka. Ba ki yi shisshigi ba, tarihin fatarki da na ɗanki kika tambaya. A zamanin Joseph Smith an ba baƙaƙe firistanci. Elijah Abel ya samu a 1836 kuma ya riƙe har mutuwarsa. Brigham Young ne ya shelanta hanin a 1852 bayan sun koma Yuta, wato mutumin nan da ya gargaɗi jama'a kan bin ido rufe. Shekara 126 ana haka, ana kuma ba da dalilai daga kan mumbari: wai la'anar Kayinu ce, wai baƙaƙe ba su yi ƙwazo ba a rayuwar da ta gabaci haihuwa. A 1949 shugabancin ƙoli, wato shugaban cocin da mataimakansa, ya fitar da sanarwa cewa hanin umarni ne kai tsaye daga Ubangiji. Dokar jihar Yuta ta haramta irin aurenku har 1963. Sai a Yunin 1978 Spencer Kimball ya sanar da wahayin da ya ɗage hanin. Bayan wata biyu manzo Bruce McConkie, wanda shi ma ya yi rubutu a kan waɗancan dalilai, ya tsaya gaban malaman addinin cocin ya ce su manta duk abin da shi ko Brigham Young ko wani ya taɓa faɗa da ya saɓa wa sabon wahayin, don da taƙaitacciyar fahimta suka yi magana. A Disamban 2013 cocin ya wallafa bayanin da kika ambata, inda ya yi watsi da cewa baƙar fata alamar la'ana ce, da cewa sakamakon wani laifi ne kafin haihuwa, da cewa auren baƙi da fari zunubi ne.

Don adalci, malamin ajinku bai faɗi ƙasa warwas ba. Bayanin na 2013 bai fito ƙarara ya kira hanin kansa kuskure ba, ba a kuma nemi gafara ba, sannan gabatarwar da aka ƙara wa sanarwar 1978 a littafinsu tana cewa bayanan cocin ba su fayyace asalin abin ba. A wannan ramin "Allah ne ya sani" yake fakewa. Ni dai a ganina, idan an yarda dalilan duk ƙarya ne, kuma an nuna hanin ya taso a zamanin bauta da wariyar launi, sauran lissafin ba ya buƙatar malami.

Akwai wani ɓangaren labarin da ya shafe ki a matsayin 'yar Najeriya. Tun farkon shekarun 1960 mutane a kudu maso gabashin ƙasarmu suka samu littattafan cocin, suka kafa majami'u da sunansa, suna ta aika wasiƙu Salt Lake a zo a yi musu baftisma. Wani malamin makaranta, Anthony Obinna, ya shafe shekaru yana rubutu, ana ce masa ya jira, shi kuma yana sake rubutawa yana kokawa da shirun da aka yi musu. A Nuwamban 1978 aka yi masa baftisma, aka naɗa shi shugaban reshe. Yau ga haikali a Akara ta ƙasar Ghana tun 2004, ga na Aba tun 2005, kuma cocin da kansa yana ba da labarin Obinna a matsayin gwarzon bangaskiya. Mutumin da ya ƙi daina ƙwanƙwasa ƙofa ke nan.

Sai dai ba zan shafa miki zuma a baki ba, magana tana da farashi a cocinku. A Oktoban 1977 wani mutum mai suna Byron Marchant ya ɗaga hannun adawa a babban taro saboda wannan hanin, aka kore shi daga cocin. Bayan wata takwas aka ɗage hanin. A Satumban 1993 an hukunta marubuta da masana shida a wata guda, aka kori biyar. A Yunin 2014 an kori Kate Kelly da ta kafa ƙungiyar neman a ba mata firistanci. Shugabanku na yanzu ya taɓa faɗa a wata hira da aka nuna a talabijin a 2007 cewa sukar shugabannin cocin ba daidai ba ne ko da sukar gaskiya ce. To amma ki lura da inda suka ja layi. A watan da aka kori Kelly, shugabancin ƙoli da manzanni sun fitar da sanarwa cewa yin tambaya kawai bai taɓa zama ridda ba. Abin da suke kira ridda shi ne nacewa kan adawa a fili da gangan, ko ci gaba da koyar da abin da aka gyara wa mutum. Tambaya ɗaya a aji, da ambaton shafin cocin, ko kusa da layin nan ba ta je ba. Kada kowa ya sa ki ji kamar kina bakin rami.

Bishof ɗinku kuma ki san ko wane ne. Ba makarantar tauhidi ya yi ba, ba albashi ake biyansa ba. Ƙila likitan haƙori ne ko akanta, an ɗora masa unguwa na kamar shekara biyar, yana yi bayan ya tashi daga aiki. Mai yiwuwa bai taɓa karanta bayanin 2013 har ƙarshe ba, da yawansu ba su karanta ba. Wani ya kai masa ƙara an ji kunya a aji, shi kuma ya nemi hanya mafi sauƙi, wato ya rufe bakin mai tambaya. Ina ma zaton kiran da ya yi miki na shugabancin mata da kyakkyawar niyya ne, so yake ya ɗaure ki da aiki kada ki sulale. Kyakkyawar niyya dai ba ta mayar da kowace magana wahayi. Littafinku na Koyarwa da Alkawura, sashe na 121, wanda aka ciro daga wasiƙar da Joseph Smith ya rubuto daga kurkukun Liberty a 1839, ya ce halin kusan dukan mutane ne da zarar sun sami ɗan iko sai su fara mulkin zalunci, kuma ba a riƙe iko da sunan firistanci sai ta lallashi da haƙuri da tawali'u da ƙauna marar riya. Don masu riƙe da irin kujerar bishof aka rubuta wannan.

Batun aji, nan zan ɗan ja kunnenki. Gyara malami a gaban ɗalibansa yana da zafi a ko'ina, a Kaduna ma haka ne. Ki same shi shi kaɗai, ki ce ba don ki kunyata shi kika yi ba, ki nuna masa bayanin a manhajar cocin da ke wayarsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma kada ki ɗauki alkawarin yin shiru har abada. Abin da za ki iya ce wa bishof shi ne ba za ki mayar da ajin fagen muhawara ba, amma duk ranar da aka faɗi abin da cocin da kansa ya yi watsi da shi game da baƙar fata, za ki yi magana, don ɗanki a ajin nan zai zauna wata rana. Ki kuma nemi ƙungiyar Genesis, wadda cocin ya kafa wa baƙaƙen mabiyansa a 1971, suna haɗuwa a yankin Salt Lake. A can za ki tarar da tsofaffin da suka zauna cikin cocin tun kafin 1978, sun riga ki ɗaukar wannan kayan, sun san inda yake cizo.

Ganawar takarda kuwa, kada ki shiga da ka. Tambayoyin ba sirri ba ne, Nelson ya karanta su a babban taron Oktoban 2019, suna nan a littafin ƙa'idojin cocin da kowa zai iya buɗewa. Ki zauna ke kaɗai da daddare ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta ce sai kin yarda hanin 1852 daga Allah ne. Babu wadda ta ce sai kin karɓi kowane kira. Ƙa'idar ta kuma hana mai ganawar ƙara sharaɗi daga aljihunsa. Kalmar da ke cikin tambayar shugabanni ita ce goyon baya, kuma masu bi da yawa da na sani, waɗanda ba wanda ke shakkar imaninsu, sun fahimce ta da cewa kin yarda su ke da hakkin jagoranci, kina yi musu addu'a, kina kama musu aiki, ba kya yi musu zagon ƙasa. Matar da ke goyon bayan mijinta ai ba cewa ta yi ba ya kuskure ba. In a wannan ma'anar zuciyarki ta amsa, ki ce e da fuska a sake, in kin so ki ƙara da cewa kina goyon bayansu kina kuma sane su mutane ne.

Inda zan tsaya miki tsayin daka shi ne nan. A jerin akwai tambayar ko kina da shaida cewa an maido da bisharar Yesu Almasihu, akwai kuma ta ko kina ƙoƙarin yin gaskiya a duk al'amuranki. In kin bincika kin tarar tambayar ajin nan ta tono wani abu da ya fi ta zurfi, har kin daina gaskata tushen, kada ki ce e saboda biki. Biki yini ɗaya ne, takardar kuwa shekara biyu za ta yi a jakarki, kullum kina ganinta. Ke kaɗai kika san wanne ne halinki a cikin biyun, kuma daga wasiƙarki ban ga alamar kin kai na biyun ba. Na ga mace ce da aka taɓa mata mutunci.

Ki sani kuma kina da damar shiga da wani babba ya zauna tare da ku, cocin ya amince da haka tun 2018. Ganawar hawa biyu ce, bayan ta bishof akwai ta shugabannin gunduma da ke sama da shi, saboda haka in ya hana ki a kan abin da ba ya cikin jerin, akwai inda za ki kai magana. Su kansu mabiyan suna zolaya cewa samun bishof caca ce, ya danganta da wanda ka faɗa hannunsa, tun da a tsarinsu adireshin gidanka ke zaɓar maka majami'a.

Aikin Lahadi shi ne mafi sauƙin amsawa: kada ki bari. Tambayar ranar hutu cewa ta yi ko kina ƙoƙarin kiyaye ta, kuma asibitocin Yuta cike suke da likitoci da ma'aikatan jinya 'yan cocinku ranar Lahadi, da takardunsu a aljihu. Ciwo bai san Lahadi ba. Kin fi ni sanin inda Yesu ya tambayi masu sukarsa wane ne sansa zai faɗa rijiya ran Asabar ya ƙi ciro shi, da inda Bulus ya rubuta wa Timoti cewa wanda bai kula da danginsa ba ya musanta bangaskiya. Tambayata ita ce, bishof ya san da ƙannenki da maganin Mama? Na tabbata ba ki faɗa masa ba, mu da kunyar maganar kuɗi. Ba'amurken da iyayensa ke da fansho da inshora ba zai taɓa kawowa a ransa cewa Lahadi biyu na mace ɗaya su ke riƙe da gida guda a wata nahiya ba. Ki koma ki faɗa masa da lissafi, nawa ne kuɗin zango, nawa ne magani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Koyarwarku ma ta ce kowa yana da hakkin neman tabbaci daga Ruhu a kan abin da aka ɗora masa, kuma ke aka ɗora wa Mama. Ki ce kin yi addu'a, wannan kiran ba zai yiwu yanzu ba, amma ga abin da za ki iya a tsakiyar mako, ko duba marasa lafiyan unguwa ne, wanda ba wanda ya fi ki iyawa. Ana ƙin kira a cocinku, ba a dai tallata shi. Mu a namu ɓangaren muna cewa babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci, ku kuma kuna da maganar Bitrus a gaban majalisa cewa wajibi ne a yi wa Allah biyayya fiye da mutum. Bishof bai ce ki yi saɓo ba, amma yanke wa tsohuwa magani ya kusa da shi.

Wanda ya fi damuna a duk labarin nan mijinki ne, don bishof zai sauka, shi kuwa yana nan. Kada ki tare shi da tarihi kamar lauya, kuma kada ki kawo masa komai daga shafukan masu adawa da cocin, tun yana yaro aka koya masa toshe kunne daga gare su. Ki zaɓi daren da yaro ya yi barci da wuri, ki buɗe bayanin 2013 a manhajar cocin da ke wayarsa, ki ce ya karanta miki da bakinsa. In ya gama, ki tambaye shi a hankali: da a 1977 muka haɗu, wa zai ɗaura mana aure a haikali? Ɗanmu in ya kai shekara goma sha biyu, da za a ba shi firistanci ya raba burodi a coci tare da sa'o'insa? Ki bar shi da tambayar, kada ki cika masa amsa. Wataƙila bai taɓa ɗora wannan tarihin a kan fuskar ɗansa ba, a wurinsa tsohon labari ne da aka rufe kafin a haife shi. Daga nan sai ki faɗa masa abin da yake jiran ji, in gaskiya ne: cewa tambayarki ba shirin barinsa ba ce. Ki tuna masa da ta goma sha ɗaya cikin Ƙa'idojin Bangaskiya da ya haddace yana yaro, wadda ta ce suna neman 'yancin bauta wa Allah bisa lamirinsu, suna kuma bar wa kowa irin wannan 'yancin. Ki ce "kowa" ɗin nan ya haɗa da matarsa. Abin da za ki roƙa a wurinsa ƙarami ne, ya raka ki wurin bishof, ya zauna a gefenki, in an zo maganar aikin Lahadi ya ce shawarar gidansu ce. In ya kasa ko wannan, to matsalarku ta wuce ta coci, ku nemi mai ba da shawarar aure wanda ya san cocin amma ba bishof ne ya zaɓo muku shi ba.

In kuma duk da haka takardar ba ta fito ba, ba ke kaɗai za ki tsaya a harabar haikali ba. A kowane bikinsu akwai yara da dangi da abokai da ke jira a waje, ɗaurin auren ba ya daɗewa, a nan ake fitowa a yi hotuna, walima kuma ta kowa ce. Ki kira amaryar da kanki tun kafin ta ji a bakin wani, ki ce mata kina nan ranar, ki ciro atamfarki mafi kyau ki kafa ɗauri. Amma kada ki jira sai satin biki. Ki nemi ganawar a wannan makon, don in an samu tangarɗa ki sami lokacin hawa wurin shugaban gunduma, kuma ki shiga da takardar lissafin kuɗin makarantar nan a jakarki.

Antinku